Shatar jirgin ruwa don kallon faɗuwar rana a Zanzibar: daga Stone Town ko daga Kendwa?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Cikin watan Agusta, in Allah ya kai mu, za mu yi kwana biyar a Zanzibar, mu shida: ni da maiɗakina, Hajiyarmu, ƙanwata, da yara biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 5. Muna son ɗaukar shatar ƙaramin jirgin ruwa mu kaɗai, na awa biyu, mu bi gaɓar teku mu ga faɗuwar rana. Masaukinmu a Stone Town yake, tsohon garin Zanzibar. Wanda nake magana da shi a WhatsApp ya ce a tashi 5:30 a dawo 7:30. Wani kuma ya ce kada mu ɓata kuɗi a cikin gari, mu tafi Kendwa, can arewacin tsibirin. Ina ya fi? Wane irin jirgi? Me zan bincika kafin in ba da kafin alƙalami? Hajiya gwiwa na damunta, kuma duk cikinmu babu wanda ya iya ruwa.

Bintu_Unguja:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, 5:30 ɗin nan ta yi latti. A Agusta rana na faɗuwa wajen 6:25 agogon can, wanda ke gaban na Najeriya da awa biyu. Duk shekara ma abin bai wuce tsakanin 6:15 da 6:50 ba, don tsibirin digiri shida kawai yake kudu da tsakiyar duniya. Rana ba ta jan jiki a wurin, a miƙe take sauka. Daga lokacin da gindinta ya taɓa ruwa zuwa ɓacewarta minti biyu ne da 'yan kai, bayan minti 20 zuwa 25 kuma duhu ya shigo. In kun tashi 5:30, kafin a shigar da mutum shida a ja anka shida saura kwata ta yi. Kallo na minti arba'in, sauran kuɗinku na zaman duhu ne. Ku tashi 4:45, ƙafarku ta taka ƙasa kafin 6:50.

DanFagge_01:
Ƙari a kan na Bintu: ka tabbatar da wane agogo kuke magana. Mutanen can daga asuba suke fara ƙirga awa. In matuƙi ya ce maka saa kumi, ƙarfe huɗu na yamma yake nufi, ba goma ba. Saa kumi na moja biyar, saa kumi na mbili shida. Ka rubuta masa lokacin da lamba, ka kuma rubuta da kalmominsu, ya amsa a rubuce.

Sarkin_Ruwa:
Duk maganar agogo gaskiya ce, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda bai san teku ba yana ɗauka ruwa na nan inda ya bar shi kamar na dam. Tekun Zanzibar yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa awa shida da ɗan ɗoriya, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50. Wata ke jan abin, don haka kalandar Musulunci ta fi ta bature amfani a nan. Kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa, ruwa na cika sosai ya kuma janye sosai, bambancin kan kai kusan mita huɗu. Suna kiran wannan bamvua. Wajen 8 da 23 ga wata kuwa motsin kaɗan ne, shi ne maji mafu, wato mataccen ruwa.

Me ya haɗa wannan da Hajiya? Yawancin ƙananan jiragen nan ba su da matsaya ta katako, daga rairayi ake shiga. In ruwa ya cika, jirgi na zuwa har bakin yashi, taku biyu ko uku a cikin ruwa an hau tsani. In ya janye, jirgin na can nesa, sai an taka cikin ruwa da laka da gutsattsarin murjani, ga igiyoyin anka a shimfiɗe ko'ina. Mai ciwon gwiwa ba za ta ji daɗin wannan da rana ba, balle da almuru.

Abin farin ciki shi ne a gaɓar nan, kwanakin bamvua cikar yamma kan faɗo tsakanin la'asar da wajen ƙarfe biyar, daidai lokacin tashi. Sai dai ka lissafa dawowa. Janyewar ba daidai take tafiya ba: ka raba bambancin gida 12, awar farko kashi 1 ke tafiya, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Misali in bambancin ranar mita 3.6 ne, awar farko santimita 30, ta biyu 60, ta uku 90. Wanda ya tashi kan cika ya dawo bayan awa biyu zai tarar ruwa ya sauka kusan mita ɗaya. Wanda ya ƙara awa ɗaya zai tarar ya sauka kusan mita biyu. Ka nemi jadawalin cika da janyewa na tashar Zanzibar na kwanakin da za ku yi, akwai shi kyauta a intanet, sannan ka zaɓi rana.

MamanIhsan:
Ikon Allah. To ashe ranar ma ba mutum ke zaɓa ba.

Gwanin_Hoto:
Dabara ga wanda ba ya son duba waya: ka miƙa hannu, ka jera yatsu tsakanin rana da bakin ruwa, kowane yatsa minti 15 ne.

Bintu_Unguja:
Malam Gwani, wannan lissafin na ƙasashen Turai ne inda rana ke saukowa a karkace. A Zanzibar zai yaudare ka. Rana na sauka digiri 15 a awa, kusan a tsaye. Dunƙulen hannu a miƙe wajen digiri 10 ne, wato minti 40. Yatsa ɗaya bai wuce minti takwas ba. Mai jiran minti 15 zai ɗago kai ya tarar an gama.

Gwanin_Hoto:
Na karɓi gyara, Malama Bintu. To ga nawa fannin. Mafi kyan haske ba na faɗuwar kanta ba ne, na 5:30 zuwa 6:10 ne, lokacin da hasken ke dukan fuskar garin: fararen gine-ginen bakin ruwa, tsohuwar ganuwa da suke kira Ngome Kongwe, hasumiyoyi, da samarin da ke alkafura daga bangon Forodhani, lambun bakin ruwa, zuwa cikin teku in ruwa ya cika. Ku ce wa matuƙi ya bi ta gaban gari a wannan lokacin, rana na bayanku. Sau da yawa kuma rana ba ta kaiwa bakin ruwa, hazo ko gajimaren da ke kan babban yankin Tanzaniya kan haɗiye ta tun da saura kaɗan. Wanda ya ajiye waya yana jiran sakan na ƙarshe sai ya tashi a tutar babu. Ku tafi da ƙyalle busasshe, feshin gishiri na rufe gilashin kyamara, hoto ya fito kamar an shafa man shanu.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai. Batun jirgin fa? Ya turo min hoto biyu, ɗaya na katako mai babban ƙyalle, ɗaya fari na roba mai inji.

Nahodha_Kano:
Na katakon da ka gani mashua ne, shi ake yawan amfani da shi a irin wannan yawo. Jahazi shi ne babban na dakon kaya. Ngalawa kuma kwale-kwale ne siriri da ake fafewa daga gungumen mangwaro, da fikafikai biyu a gefe don kada ya kife. Ngalawa na masunta ne, da ɗan yawon mutum biyu masu jini a jika, kada ka saka Hajiya da yara ciki.

Ni mashua zan zaɓa muku. Yana da nauyi da faɗi, ba ya tsalle kan igiyar ruwa kamar na roba, in an kashe inji an ɗaga ƙyallen, wanda suke kira tanga, babu ƙara sai ta ruwa da kukan igiya. Amma abu biyu. Na ɗaya, ƙyallen a ɗaure yake jikin wata doguwar sanda, foromali, wadda kan kai tsawon jirgin ko ta fi. In za a juya, sai an sassauta igiya an zagayo da sandar ta gaban turken tsakiya zuwa ɗaya gefen. A wannan minti ɗayan kowa ya zauna, yara su bar wajen igiyoyi, mai lulluɓi ta tattare mayafinta. Na biyu, iska kan kwanta da magariba, don haka mashua marar inji ba abin shata ba ne. Dole da inji a baya ko da ba za a kunna shi ba sai wajen dawowa.

Ka kuma san gudunsa. Da ƙyalle yana yin kilomita 6 zuwa 9 a awa. Tsibirin Changuu, mai manyan kunkuru, ya ɗan haura kilomita biyar daga gari. Zuwa da dawowa zai cinye mafi yawan awa biyun. In mai jirgi ya ce zai haɗa muku kunkuru da faɗuwar rana cikin awa biyu, to da inji zai kwashe ku a guje, kuma babu wanda za ku more a ciki. Kunkuru tafiyar safe ce daban.

Yaro_Mai_Fiber:
Ban yarda da Nahodha ba gaba ɗaya. Gefen mashua dogo ne, tsaninsa na katako mai santsi, tsohuwa za ta sha wuya kafin ta ɗaga ƙafa. Na roba gajere ne, yana matsowa ruwa marar zurfi, kuma in yaro ya fara amai ko hadari ya taso, minti goma kun dawo. Mashua sai dai haƙuri.

Nahodha_Kano:
Ƙanena, shiga minti biyu ce, zama awa biyu. A Agusta iskar kudu ce, Kusi, kuma a watannin Yuni zuwa Agusta ta fi ƙarfi. Na roba in ya fuskance ta dukan ruwa yake yi, bam, bam, kowane duka a gwiwa da ƙugu yake sauka. Maganin tsani shi ne matasa biyu daga ma'aikatan jirgin, ɗaya a sama ɗaya a ruwa, ko Abu_Hanan da ƙanwarsa in Hajiya ba ta son baƙo ya riƙe ta. A faɗa musu tun kafin ranar.

Bakanike77:
Ko wanne kuka ɗauka, inji ɗaya ne a bayansa, galibi Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, irin wanda ake haɗa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ba sai kai bakanike ba ne za ka gane mai lafiya. Ka iso da minti 20, ka ce a tayar da shi a gabanka.

Ka dubi bayan injin. Akwai siririn ruwa da yake tsartowa kamar fitsarin yaro, shi ne shaidar cewa famfon sanyaya inji na aiki. In babu shi, ko yana ɗiga da ƙyar, ko dai leda ko ciyawar teku ta toshe mashigar ruwan a ƙasa, ko robar famfon ta cinye. Irin wannan injin zai yi zafi ya tsaya bayan 'yan mintuna, lokacin kun yi nisa.

Ka ɗaga jan tankin ka ji nauyinsa. Yawanci lita 24 ko 25 yake ci. Mai doki 40 in an murɗe shi ƙarshe yana shan wajen lita 20 a awa, mai 15 bai kai rabin haka ba. Ƙa'ida: kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Da yawa daga masu ƙananan jirage da kuɗin kafin alƙalaminka suke sayen man ranar, kuma daidai wa daida suke saye.

Haɗin mai 50 da 1 ne, wato rabin litar baƙin mai a lita 25. In an zabga fiye da haka, hayaƙi ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa tari in an rage wuta. Yawon kallo kuwa duk a ƙaramar wuta ake yinsa, shi ya sa fulogi ke yawan mutuwa a irin wannan tafiya. Ka tambaya ko akwai fulogi na canji da sifanarsa. In inji ya mutu haka kawai bayan minti biyar da tashi, abu na farko a duba ƙaramin noti na shaƙar iska da ke kan murfin tanki, sau tari mantawa ake ba a kwance shi ba. Sai a matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo har ya yi tauri.

Ƙarshe, jar igiyar kashe inji ta kasance a ɗaure a hannu ko ƙafar matuƙi. In ya faɗa ruwa ita ke tsayar da farfela.

Hajiya_Nurse:
Duk wannan bayan rigar ceto ne. Mutum shida babu mai iya ruwa, to riga shida, a jiki, a ɗaure, tun daga rairayi. Ba a jibge a ƙarƙashin benci ba. Inda ake samun matsala shi ne na yara: masu jirgi kan ce akwai, ka zo ka tarar duk na manya ne. Yarinya 'yar shekara 5 in an sa mata ta manya, tana faɗawa ruwa rigar za ta haye sama ta bar ta. Ta yara da nauyin jiki ake zaɓenta, an rubuta kilo a ciki, tana da abin tallafe ƙeya da ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Gwaji: ka ɗaure ta, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta wuce kunnuwa ta yi yawa. Ka matsa soson kowace riga, in ya yi tauri yana marmashewa ko ɗinki ya saki, rana da gishiri sun kashe ta. Ka ce ya turo hoton na yaran yau. In ya fara kame-kame, sayi biyu ka sa a akwati, ba su da nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mata su sa rigar a kan abaya ko hijabi, kada a ƙarƙashi. Dogon hijabi mai zuwa ƙasa kuma a bar shi a masauki ranar, jiƙaƙƙen yadi nannaɗe ƙafa yake.

Sarkin_Ruwa:
Gaskiya ne. Kuma a tambayi adadin mutanen da aka yarje wa jirgin da takardar rajistarsa ta Hukumar Sufurin Ruwa ta Zanzibar. Mutanen tsibirin ba su manta jirgin fasinja Spice Islander da ya nutse a Satumbar 2011 tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba ba, kuma lodi ne ya kai shi. Mu da muka san labaran jiragen Kogin Kwara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amfanin shata ke nan, amma ka rubuta cewa ku shida ne kawai. Ana yin haka: ka biya na kai kaɗai, ka iso ka tarar an ƙaro baƙi huɗu wai 'yan'uwan matuƙi ne.

Almajirin_Malam:
Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne magariba. Ana kallon rana tana faɗuwa, lokaci ya shiga. A wurinmu malikawa lokacin magariba ƙuntatacce ne. Ina za a yi sallar?

UstazuNaZariya:
Abin da sauƙi. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, hadisi ya zo a kai, amma ya fi a yi alwala tun a masauki, don leƙawa gefen jirgi ɗebo ruwa da almuru ba na wanda bai iya iyo ba ne. Alƙibla daga Zanzibar arewa ce kusan sak, Makka na saman tsibirin a taswira. Wanda ya saba fuskantar gabas a gida sai ya kula: in rana ta faɗi a hagunka, kana kan hanya. A jirgi ana tsayuwa in za a iya, in ana tsoron faɗuwa ko jiri a zauna. Amma in an bi lissafin Malama Bintu an sauka 6:45 zuwa 6:50, minti 20 ne da faɗuwa, jan shafaƙi bai ɓace ba, ga masallatai ko'ina a Stone Town, daga unguwar Shangani har ta Malindi. Matuƙan ma galibi Musulmi ne, su ma sallar ke gabansu.

Almajirin_Malam:
Allah ya gafarta Malam, ai matafiya ne, ba za su haɗa da isha'i ba?

UstazuNaZariya:
Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari hukuncin matafiyi ya sauka daga kansa a mazhabarmu, su kuwa biyar za su yi. Sauran tafsilin Abu_Hanan ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, kada mu mayar da nan zauren fatawa.

Kendwa_Lover:
Kun manta da rabin tambayar. Kendwa fa? A nan ne teku ke da zurfi tun daga baki, janyewar ruwa ba ta tafiya da shi nesa kamar sauran wurare, yashi fari ƙal, babu laka, babu igiyoyin jiragen kaya. Duk lissafin da Sarkin_Ruwa ya yi, a Kendwa rabinsa ba ya tasowa. Rana na faɗuwa ta wajen tsibirin Tumbatu, jiragen masunta na fita da ƙyallayensu a jere. Kuma a Agusta da iska ke zuwa daga kudu maso gabas, arewa maso yammacin tsibirin a ɓoye yake. A Disamba zuwa Maris ne, lokacin Kaskazi, iskar arewa, kan Nungwi, ƙarshen arewacin tsibirin, ke shan iska. In an je da wuri ma a tsaya Nungwi a ga masu sassaƙa mashua a bakin ruwa da gizago.

Bintu_Unguja:
Ruwan Kendwa ya fi kyau, babu musu. Amma daga Stone Town kusan kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi a mota, zuwa da dawowa awa uku don yawon awa biyu, dawowar kuma cikin dare da yara masu barci da tsohuwa mai jiƙaƙƙen zane. Sannan abin kallo a gaɓar Kendwa otal-otal ne da masu kayan wanka, da jiragen haɗaka masu ganguna da giya suna wuce ku. Iyali da Hajiya a ciki, a yi tunani. A gari kuwa tarihi kake kallo: babban gidan Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, ko da yake wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, fadar sarakuna, tashar jahazi ta Malindi, in an yi arewa kangon fadar Mtoni. Garin nan tun 2000 yake cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO, kuma daga ruwa aka gina shi a gan shi.

Kendwa_Lover:
To su kwana ɗaya a arewa mana, cikin biyar ɗin.

DanFagge_01:
Kada dai wani ya kama masauki a Paje ko Jambiani, a gabashin tsibirin, ya ce zai ga faɗuwar rana a teku, can fitowarta ake gani. Sai Michamvi Kae kaɗai a gabas, don ita yamma take fuskanta ta kan mashigin Chwaka.

Nahodha_Kano:
Abu ɗaya da ke gaban gari wanda babu a Kendwa: manyan jiragen fasinja masu gudu na Darussalam. Na yamma kan iso dab da magariba, yana barin igiyar ruwa mai ƙarfi a bayansa. Matuƙin kirki rage wuta yake, ya juya goshin jirgi ya tare ta a karkace. In ta same ku ta gefe, shayi da waya duk sai sun zube. Ka tambaya ko yana da fitila: ja a hagu, kore a dama, fara a baya, ko aƙalla fara ɗaya da tocila mai ƙarfi. Wannan ma dalili ne na dawowa kafin duhu.

Hajiya_Nurse:
Batun jiri. A ci abu mara maiƙo awa ɗaya ko biyu kafin tashi, kada a shiga da yunwa, kada a shiga da ciki dam. A zauna tsakiyar jirgi, ido kan gaɓa ko inda sama ta haɗu da ruwa, ban da duba waya, ban da zama kusa da hayaƙin inji. Mai saurin tashin zuciya a mota ya sha maganin jiri dimenhydrinate minti 30 zuwa awa ɗaya kafin shiga, in an riga an fara amai ya makara. Yana sa barci da bushewar baki. Na yara, da na Hajiya in tana shan wasu magunguna, a tambayi likita tun a gida. Ɗanyar citta ko alewarta na taimaka wa wasu. A sa takalmin roba mai kama ƙafa saboda bushiyar ruwa, ƙayarta karyewa take a cikin tafin ƙafa. A riƙe rigar sanyi ga yara, iskar Kusi bayan faɗuwar rana da jiƙaƙƙen kaya sanyi ne sosai.

Alhaji_Kwari:
Ciniki kuma. Samarin da ke tare baƙi a rairayi 'yan kamasho ne, mutanen gari na kiransu papasi, wato kaska. Ba duka ne macuta ba, amma jirgin ba nasu ba ne, alƙawarinsu ba ya ɗaure matuƙi. Ka ce a haɗa ka da nahodha, wato matuƙin jirgin kansa, ka ga jirgin da idonka kwana ɗaya kafin ranar. A rubuce: kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya ba na kai ba, da wane kuɗi za a biya, awa biyun daga jan anka take farawa ba daga haɗuwa a bakin titi ba, babu giya, kiɗa sai in kun nema, me za a kawo na taɓawa. Ruwan ɗanyar kwakwa da suke kira madafu, da gahawa da alewar kashata sun wadatar, abincin dare na jiranku a Forodhani. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ciko sai an sauka. A rubuta kuma in iska ta hana fita, a ɗaga zuwa gobe ko a mayar da kuɗi. Hukumar yanayi ta Tanzaniya kan fitar da gargaɗi in iska za ta kai kilomita 40 a awa ko igiyar ruwa mita biyu. Ranar da aka yi wannan sanarwa, ko matuƙi ya rantse kada ku shiga. Saboda haka kada ka ajiye yawon a daren ƙarshe.

MamanIhsan:
Yaya Abu_Hanan, biza fa? Mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma tana ɗaukar makonni. Ga inshorar dole ta dala 44 da Zanzibar ta fara karɓa daga baƙi tun Oktobar 2024. Kuma kada a zuba takalma a baƙar leda, an hana leda a ƙasar.

Abu_Hanan:
Biza tana hannu, alhamdu lillahi. Na duba kalanda, kwanakinmu sun yi daidai da 11 zuwa 15 ga watan Musulunci. Mai jirgin ya yarda da 4:45, amma har yanzu bai turo hoton rigunan yara ba.

Sarkin_Ruwa:
To ka ɗauki 14, ka bar 15 ta zama ajiya. Ruwa zai kasance a cike ko ya fara sauka kaɗan lokacin shiga, kuma wata zai fito ta bayan gari daidai lokacin da rana ke faɗuwa, ku dawo da haske biyu. Ka dai gwada da jadawalin.

Yaro_Mai_Fiber:
Ni 12 zan ce. Ranar 14 ruwa ya fara gudu da ƙarfi wajen janyewa, in ya haɗu da iska ta gaba sai ya yi ƙananan tudu masu jijjiga, kuma da dawowa ya sauka da yawa. Ranar 12 motsin bai kai haka ba, ga kwana uku na ajiya maimakon ɗaya.

Sarkin_Ruwa:
Ranar 12 cikar tun wajen azahar ce, 4:45 ruwa ya riga ya yi rabin hanya, 6:45 kuma yana dab da ƙasa. Hajiya za ta taka laka da magariba.

Yaro_Mai_Fiber:
Sai a sauke su ta matakalar bangon Forodhani maimakon rairayi.

Nahodha_Kano:
Matakala mai gansakuka, da gwiwa mai ciwo? Abu_Hanan, turo mana lambobin jadawalin na ranakun biyar, awa da tsayin ruwa, a duba. Ka kuma tambaye shi daga wane rairayi yake tashi, na Shangani ko na gefen tasha, don gangarensu ba ɗaya ba ne.